A Bar Mana Ramin Iyafis a Jikin Waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa za su ga bai taka kara ya karya ba, domin girmansa bai kai ƙwayar wake ba. Ina nufin ɗan ramin nan da ake cusa iyafis a jikin waya. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre da ke Kano, shekarata goma sha huɗu ke nan ina buɗe cikin wayoyin mutane, kuma na daɗe ina cin wannan magana a raina.

Ranar wata Laraba da hantsi wani dattijo ya zo ya tsaya a gaban teburina, ya ce daga wajen Dawakin Tofa ya taho. Ya zaro leda daga aljihun rigarsa, ya kwance, ya fito da waya sabuwa fil, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Ɗansa da ke aiki a Saudiyya ne ya aiko masa da ita ta hannun wani da ya dawo Umara. Daga ɗaya aljihun kuma ya fito da tsohon iyafis, asalinsa fari ne amma ya sha hannu har ya koma ruwan ƙasa, an naɗe wuyansa da zaren ɗinki inda ya fara tsagewa. Ya ce da ni, "Ɗana, duba mini wannan. Yau kwana uku ni da jikokina muna juya ta, mun rasa inda ake sa wannan abu. In toshewa ya yi ka buɗe mini."

Na karɓa na duba sama, na duba ƙasa, ko da yake tun daga ganin bayanta na san amsar. Na ce, "Baba, ba toshewa ya yi ba. Haka aka ƙera ta, babu ramin sam." Ya yi shiru yana kallon wayar, can ya ce, "To ta ina zan ji labarai?" Na shiga cikin wayar na bincika, sai na tarar ko manhajar rediyon ma babu. Mutumin nan kullum da asuba in ya dawo daga masallaci sai ya ji shirin safe na BBC ta tashoshin FM da ke haɗa shi, da dare kuma ba ya kwana bai ji Inda Ranka na Freedom Radio ba. Ɗansa ya kashe kuɗi mai yawa don ya faranta masa, aka kawo masa waya mai kyamara uku wadda ba ta iya yin abu ɗaya tak da yake so.

Asalin wannan rami ya girmi duk wanda zai karanta wasiƙar nan. Kakansa, wato babban mai kauri da har yanzu muke gani a jikin amfilifaya ta masallaci, tun ƙarshen shekarun 1870 ake amfani da shi a ofisoshin haɗa layin tarho. Ƙaramin mai milimita 3.5 kuwa ya bazu a duniya ne bayan da kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979. Abin da ya sa ya daɗe haka shi ne bai san wariya ba. Iyafis ɗin da ka saya na rediyon kaset zai shiga kwamfuta, zai shiga wayar Nokia, zai shiga ta Samsung, babu mai tambayarka wane kamfani ne ya yi shi, babu caji, babu wata lamba da za ka danna.

Ranar 7 ga Satumba 2016 kamfanin Apple ya gabatar da iPhone 7 babu wannan rami. Ba su ne farau ba, domin Oppo da LeEco da Motorola sun riga su, amma su ne waɗanda in sun taka rawa kowa ke bi. Da jami'insu Phil Schiller ya tashi bayyana dalili a gaban taro, kalmar da ya zaɓa ita ce ƙarfin hali. A wannan zama kuma aka nuna wa duniya AirPods, iyafis marar igiya, a kan dala 159. Google ya yi musu ba'a a tallar wayarsa ta Pixel a wannan shekara, da shekara ta zagayo ya fito da Pixel 2 babu ramin. Samsung ya fi kowa daɗewa yana tsokanarsu a talla, sai ga Galaxy Note 10 a watan Agustan 2019 shi ma a toshe, suka bi waɗancan tallace-tallace suka sauke daga shafinsu na YouTube. Daga 2020 kuma aka daina sa ko iyafis ɗin da kan caja a cikin kwalin iPhone, Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa a farkon 2021.

Dalilai biyu ake bayarwa, kuma a matsayina na wanda ke kwance wayoyin nan kullum zan faɗi gaskiyar abin da na gani. Na farko shi ne wuri. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Daga waje rami ne ɗan mitsitsi, amma daga ciki yana da gida mai tsawo, kuma a cikin waya kowane lungu ana rububinsa, batir na so, kyamara na so. Na biyu shi ne ruwa, wai in akwai ramin ruwa zai shiga. Wannan kam ban yarda da shi ba. Galaxy S7 ta fito wata shida kafin iPhone 7, da raminta, kuma an tabbatar tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya da rabi har minti 30, alhali iPhone 7 da aka toshe mita ɗaya aka ba ta. Har yau Sony na yin manyan wayoyinsa na Xperia da rami, kuma ruwa ba ya cin su. Maganar wuri ita ma in ka duba, wayoyin yanzu sun fi na 2016 girma nesa ba kusa ba, wasu ko aljihun wando ba sa shiga da daɗi. Abin da na fahimta shi ne, wanda ya sayar maka da waya yana so ya sayar maka da abin saurare ma, kuma ya fi son wanda zai mutu bayan shekara biyu ka dawo.

Amma babban abin da ya dame ni rediyo ne, kuma a nan nake so masu karatu su ɗan tsaya. Mutane da yawa suna mamakin abin da ya sa rediyon waya ba ya buɗewa sai an sa iyafis, ko da a lasifika za a saurara. Igiyar ita ce eriya. Tashoshin FM suna watsa shiri tsakanin megahaz 88 zuwa 108, wanda masu gabatarwa ke ce wa mita, kuma kama wannan zango yana buƙatar eriya mai tsawon da ya kusa kamu biyu, abin da ba zai shiga cikin jikin babbar waya sirririya ba. Igiyar iyafis kuwa ta wuce mita ɗaya, sai ta yi aikin daidai. Ita na'urar rediyon a wayoyi da yawa tana nan zaune a cikin ɗan guntun da ke kula da Bluetooth da Wi-Fi, ba wani kuɗi take ƙara wa kamfani ba. To da aka cire ramin, eriya ta tafi, sai yawancin kamfanonin suka rufe rediyon gaba ɗaya. A ƙasashen da aka yanke wannan shawara ba a damu ba, kowa na da intanet a gida, ta nan yake jin tasharsa. Mu nan data kuɗi ce. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Manomin da zai kunna rediyo tun daga fitarsa gona har la'asar, in aka ce ya yi haka da data, me zai rage masa?

Kuma akwai ranar da ko kana da kuɗin, datar ba za ta yi maka amfani ba. Ba mu manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka datse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ƙanwata tana aure a Gusau. Makonni muka yi ba mu ji muryarta ba, mahaifiyarmu ko abinci ba ta iya ci sosai. Da sabis ya dawo na tambaye ta yadda suka yi, ta ce, "Yaya, wayar ta zama tocila da rediyo kawai." Bayan sallar isha'i sai ta cusa iyafis, ta rataye igiyar a ƙusa jikin bango, ta mayar da sautin zuwa lasifika, matan gidan duka su zagaye ta a tsakar gida. Ta nan suka san wace hanya aka rufe, wace kasuwa aka hana ci, ranar da aka ce za a dawo da layi. Maƙwabciyarta mai waya mai tsada, wadda babu rami, ita ma tabarmar ƙanwata take zuwa ta zauna. A daren da babu sabis, waya mai rami ta fi ta naira dubu ɗari biyar daraja.

Kada a ce ina gaba da iyafis marar igiya. Ina da shi, kuma in ina aiki da hannu biyu a kan fanel ɗin waya, da shi nake amsa kira. Direban Adaidaita Sahu da ba ya so igiya ta sarƙe masa a hannu, uwargida da ke tuƙa tuwo tana sauraron karatu wayarta na ɗaki, ɗalibin da ke son toshe hayaniyar ɗakin kwana ya yi nazari, duk sun samu sauƙi, kuma ina taya su murna. Bluetooth, wato fasahar da ke haɗa shi da waya babu igiya, fasaha ce mai kyau. Kamfanin Ericsson na Suwidin ne ya fara aikinta a 1994, aka laƙaba mata sunan wani sarkin Denmark na ƙarni na goma da ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Abin da nake cewa shi ne, waya mai rami ba ta hana kowa amfani da Bluetooth. Tun kafin 2016 muna da duka biyun a waya ɗaya. Cire ramin bai ƙara wa mai son marar igiya komai ba, ya dai rage wa wanda ba ya so ko ba shi da hali.

Bari in gaya maka abin da ke cikin durowar teburina ta ƙasa. Cike take da matattun iyafis marasa igiya, farare da baƙaƙe, na dubu biyar da na dubu ɗari, waɗanda masu su suka kawo gyara na ce ba zai yiwu ba suka bar mini su. Cutarsu ɗaya ce. A cikin kowane kunne akwai batir ɗan ƙarami kamar maɓallin riga, yawancinsu ƙarfinsu bai wuce 50 mAh ba, alhali na waya yana kai 5,000. Irin wannan batir duk cajin da aka yi masa yana rage masa kwana, zafi kuma yana gaggauta mutuwarsa, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Wanda yake awa biyar yana sabo, bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu sai ka ga minti arba'in ya yi shiru, kuma sau da yawa kunne ɗaya ke riga ɗaya mutuwa. Canja batirin ya kamata ya zama aikin minti goma. Amma da gam aka manne su, babu noti ko ɗaya, sai ka fasa kafin ka kai ga batirin, in ka fasa kuma ba ya komawa yadda yake. Ba gazawarmu ba ce mu masu gyaran Kano. Kamfanin iFixit na Amurka, wanda aikinsa ke nan kwance na'urori ya auna sauƙin gyaransu, sifili cikin goma ya ba AirPods.

Ga kuma mai igiya. Makon jiya wata ɗaliba ta kawo nata, kunnen hagu ya daina magana. Na murza igiyar a hankali daga sama zuwa ƙasa ina saurare, sai na ji sauti ya dawo a daidai wuyan filogi. Na yanke, na fere, na ƙona fentin da ke jikin siraran wayoyin nan huɗu, na ɗiga dalma, na sa sabon kai. Minti bakwai. Na karɓi naira ɗari uku, ta tafi tana godiya, kuma in ta kula da shi zai kai ta ƙarshen karatunta. Wanda ke durowata kuwa ba ni da inda zan kai shi. Ba na son zuba shi a bola, domin yara na tsince-tsince, kuma batirin lithium in an huda shi yana iya kamawa da wuta.

Sai maganar caji. Wanda ya zauna ya tsara cewa kowa zai riƙa cajin waya, da cajin iyafis, da cajin akwatin iyafis, bai taɓa zama a unguwar da ake kwana uku ba a ga wuta ba. A watan Oktoban 2024 da manyan layukan da ke kawo wa Arewa lantarki suka lalace, sama da mako guda muka yi cikin duhu. Masu shagon caji da janareta suka cika maƙil, ana bin layi, kowane soket kuɗinsa daban. A irin wannan hali wa zai biya kuɗi biyu, na waya da na abin kunne? Mai igiya ba ya neman komai, ɗan abin da yake sha daga wayar bai kai a lissafa ba.

Za a ce ai akwai adafta, ɗan guntun igiyar nan da ake sawa a ramin caji. Akwai, ina ma sayar da ita, kuma babu kayan da ke jawo mini rigima da kwastoma kamarta. Iri biyu ce, kamarsu ɗaya a ido. Wata igiya ce zalla, tana aiki ne kawai in wayar da kanta tana fitar da sauti ta ramin cajinta na USB-C. Wata kuma akwai 'yar na'ura a cikinta mai juya lambobi su zama sauti, kuma wayoyi da yawa, har da manyan na Samsung da Pixel, sai irin wannan suke karɓa. Mutum zai saya a bakin titi, ya je gida ta ƙi, ya dawo yana cewa an cuce shi, mai sayarwar ma bai san bambancin ba. In ta yi aiki kuma, ba ka caji kana saurare a lokaci guda, rediyo ma a mafi yawan wayoyin ba ya dawowa. Wani abin da mu masu gyara muka sani shi ne, bayan fasasshen gilashi babu aikin da ya fi zuwa mana kamar ramin caji. Da can aikinsa ɗaya ne. Yanzu an ɗora masa na biyu, adafta na lilo a jikinsa cikin aljihu ana tafiya ana zama, ƙafafunsa na sassautawa daga jikin fanel. Ranar da ya mutu, caji da saurare sun tafi tare.

Ba masu jin labarai da waƙa kaɗai abin ya shafa ba. Malamin Islamiyya da ke haɗa wayarsa da amfilifaya ya sa wa yara karatun ƙira'a, da wannan rami yake yi. Yaran da ke ɗaukar tafsiri a watan azumi suna maƙala ƙaramin makirfo a rigar malam, nan suke cusa shi. Direban motar haya mai tsohuwar rediyo, igiya yake ja daga waya. Akwai wani makaho da ke zuwa wurina, yana sarrafa wayarsa da manhajar da ke karanta masa abin da yatsansa ya taɓa. Shi ne ya fahimtar da ni wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba. Bluetooth yana da ɗan jinkiri, sautin kan makara da kamar kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na sakan, domin sai waya ta dunƙule shi ta aika, iyafis ya warware. Mai ido ba zai damu ba. Shi kuwa ya ce mini, "Malam, kowane harafi sai na jira shi. Kuma in batirin abin ya mutu ina tsakiyar kasuwa, sai dai in buɗe lasifika kowa ya ji saƙon banki na." Tun daga ranar in zai canja waya ni nake raka shi, abin da muke fara dubawa ke nan.

Na san ba za a koma baya ba a manyan wayoyi, kuma akwai abubuwan da ke tafe da nake yi wa fatan alheri. Sabon tsarin Bluetooth da ake kira LE Audio, wanda aka kammala a 2022, ya rage shan batir da jinkiri. A cikinsa akwai Auracast, inda na'ura ɗaya za ta watsa sauti ga kunnuwa ba adadi, har da na'urar taimaka wa masu raunin ji. Ina hango ranar da dattijon da kunnensa ya yi nauyi zai zauna a sahun baya ranar Juma'a ya ji huɗuba tar a kunnensa. Tarayyar Turai, wadda ta tilasta wa kowa komawa cajar USB-C har Apple ya bi a 2023, ta kuma yi dokar da za ta fara aiki a watan Fabrairun 2027, cewa batirin ƙananan na'urori ya zama wanda mai shi zai iya cirewa ya canja. Wani ƙaramin kamfani na Holan mai suna Fairphone ya riga ya fito da iyafis marar igiya da ake canja wa batir a 2024, wato abin mai yiwuwa ne, so ne ba a yi ba. In irin waɗannan suka iso kasuwarmu a farashin da talaka zai iya, ni ne farkon mai murna, domin durowata za ta huta. Sai dai ko sun iso, babu ɗaya a cikinsu da zai zama eriyar rediyo.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda abin ke gangarowa. Da farko wayoyin masu kuɗi ne kawai. A 2022 Samsung ya cire ramin daga Galaxy A53, Google ya cire daga Pixel 6a, waɗanda wayoyi ne na masu matsakaicin hali. Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun mafi yawan mutanenmu kuma duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin, har yanzu suna barin ramin da rediyo a ƙananan wayoyinsu, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Amma su ma wasu daga cikin manyan nasu sun fara fitowa a toshe. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wayoyi na hannu da ake shigo mana da su daga Turai da Amurka kuwa, yawancin na yanzu babu ramin.

Don haka ina da kira, kuma ba abin da ba a taɓa yi ba nake nema. A 2017 hukumar sadarwa ta Meziko ta hana kamfanoni toshe rediyon FM a wayar da ke da na'urar a cikinta. A watan Afrilun 2023 gwamnatin Indiya ta rubuta wa masu ƙera waya cewa kada su rufe rediyo, inda babu kuma su sa, ta kafa hujja da talakawa da lokutan bala'i. A Amurka ma, bayan guguwar da ta yi ɓarna a 2017 ta kayar da turakun sadarwa, shugaban hukumar sadarwarsu na lokacin, Ajit Pai, ya fito fili ya roƙi Apple ya buɗe rediyo a iPhone, aka amsa masa cewa sababbin ba su da na'urar ma. Mu da rediyo ya fi zama jinin jikinmu fiye da duk waɗannan ƙasashe, me muke jira? Duk wayar da za a sayar a Najeriya bisa ƙa'ida sai NCC ta amince da irinta. Ina roƙon hukumar ta sa sharaɗi, aƙalla a wayoyin da ba su kai wani farashi ba, cewa rediyon FM ya kasance yana aiki. In kamfani ya ga ba ya son ramin, to ya nemo wata hanyar eriya, kamar yadda ƙananan wayoyi masu tocila da yawa ke kama tasha babu iyafis. 'Yan majalisarmu na Arewa da ke kwamitocin sadarwa, wannan magana ce ta mutanen da suka zaɓe ku. Gidajen rediyonmu kuma ina mamakin shirunsu, domin masu sauraronsu ake ragewa ɗaya bayan ɗaya, duk ranar da wani ya canja waya.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, na Farm Centre da na titin Beirut, mu ji tsoron Allah mu riƙa faɗa wa mai saye kafin ya biya. In ka ga dattijo ko mutumin karkara, tambaye shi ko yana jin rediyo a waya, kada ka bari sai ya je gida ya gano. Manyan dilolinmu da ke zuwa Sin suna zama da wakilan kamfanoni, su gaya musu abin da kasuwar nan ke so, domin waɗannan kamfanoni suna jin maganar wanda ke sayen kwantena. Masu aiko wa iyaye waya daga waje kuma, ku juya ta ku duba gindinta da samanta kafin ku saya.

Shi Baban Dawakin Tofa na ba shi shawara a musanya wayar da wata mai rami, har da cikon kuɗi zai samu. Ya girgiza kai ya ce, "A'a ɗana, kyautar yaro ce, in ya kira ni ta bidiyo me zan ce masa?" Sai na kai shi shagon maƙwabcina muka zaɓo masa ƙaramar waya mai tocila. Ya ciro kuɗin daga cikin hularsa ya ƙirga sau biyu. Na cusa masa tsohon iyafis ɗinsa mai zare, na murɗo tasha, muka faɗa tsakiyar sanarwar rasuwa da ɗaurin aure. Ya sa kunne ɗaya ya saurara har aka gama, ya ce ya san gidan ɗaya daga cikin mamatan, a Rimin Gado, gobe zai je gaisuwa. Ya mayar da babbar cikin ledarta ya ƙulle, ya sa ƙaramar a aljihun gaba, igiyar na leƙowa, ya yi mini addu'a ya nufi bakin titi neman mota.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran waya,
Kasuwar Farm Centre, Kano.